Kujera Biyu da Rufin Tamfol: Da Wane Ma'auni Ake Auna Motar Kullum?

Akwai hukuncin da mutane suka saba yanke wa ƙaramar motar gudu mai kujera biyu, wadda ake naɗe rufinta a bar samanta a buɗe, tun kafin su tambayi mai ita yadda zamansu yake. Suna cewa motar nishaɗi ce, a fita da ita ranar hutu a sha iska, a dawo a lulluɓe ta, kuma duk wanda ya mayar da ita motar zuwa aiki da kai-komon yau da kullum, ko dai bai san ciwon kansa ba, ko kuma son a gan shi ne ya fi ƙarfinsa. Ina cikin waɗanda wannan hukunci ya hau kansu, domin irin wannan mota nake hawa kullum, kuma ba ni da wata a ajiye. Ba zan ce ta dace da kowa ba, domin ba ta dace ba, kuma zan faɗi wuraren da ta gaza ba tare da rufa-rufa ba. Abin da nake ja da shi shi ne ma'aunin da ake auna ta da shi, domin a ganina ma'aunin ne gurgu, kuma illarsa ba ta tsaya kan masu ƙananan motoci ba, ta shafi duk wanda yake taka titi.

Idan mutum ya tashi sayen mota, yawanci ba ranakunsa na kullum yake lissafawa ba, ranakun da ba su cika zuwa ba yake hangowa: ranar da zai ɗauko baƙi da akwatunansu daga filin jirgin sama, ranar da zai sauya gida, ranar da za a yi doguwar tafiya da kowa da kowa. Sai ya sayi motar da za ta ɗauki nauyin waɗannan 'yan ranaku, sannan ya ƙare sauran shekarar yana tuƙa ta shi kaɗai, da kujeru huɗu ko shida babu kowa a kansu. Wannan ba zato ba ne. Ƙididdigar zirga-zirga da ake yi a Amurka ta daɗe tana nuna cewa matsakaicin adadin mutanen da ke cikin mota a kowace tafiya bai kai biyu ba, idan kuwa tafiyar ta zuwa wurin aiki ce, adadin yana gab da mutum ɗaya tak, kuma lissafin ƙasashen Turai bai yi nisa da wannan ba. Duk da haka, Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2023 manyan motocin nan da ake kira jif sun kai kashi 48 cikin ɗari na motocin da aka sayar a duniya, alhali kowace ɗaya ta fi matsakaiciyar mota nauyi da kilo 200 zuwa 300, kuma hayaƙin da take fitarwa ya fi nata da kusan kashi 20 cikin ɗari. To, idan mutum ɗaya ya hau mota mai nauyin tan biyu domin ya kai jikinsa da jakar takardunsa ofis, ba a kiransa almubazzari, cewa ake yi ya yi tanadi. Idan wani ya yi wannan tafiyar a cikin mota mai nauyin tan ɗaya da 'yan kai, wadda ba ta shan mai fiye da lita shida ko bakwai a kilomita ɗari, sai a ce shi ne mai wasa da dukiya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ya kamata in fayyace irin motar da nake magana a kanta. Ba Ferrari ko Lamborghini nake nufi ba, waɗanda injinsu da tayoyinsu da kuɗin gyaransu suka fitar da su daga sahun motocin da ake kai-komo da su. Ina nufin dangin Mazda MX-5, da BMW Z4, da Porsche Boxster, da Honda S2000, har zuwa 'yan mitsi-mitsin Japan irin su Daihatsu Copen mai injin da bai wuce siisii 660 ba.

Wanda ya san tarihin wannan dangi ba zai yi mamakin ganinta a bakin ofis ba, domin tun asali motar talaka mai sha'awar tuƙi ce. Kamfanin MG na Ingila ya ƙera MGB daga 1962 zuwa 1980, sama da rabin miliyan idan aka haɗa da masu rufin ƙarfe, kuma da yawan waɗanda suka saye ta da ita suke zuwa aiki. Abin da ya ɓata wa ƙananan motocin Ingila na wancan zamani suna shi ne yoyon mai, da yoyon ruwa, da matsalar wuta, wato abubuwan da suke sa mutum ya tashi da safe bai san ko motarsa za ta tashi ba. Sannan aka shiga fargabar cewa Amurka za ta kafa dokar da za ta haramta mota marar rufi saboda haɗarin kifewa. Wannan fargaba ce ta sa Porsche ta fito da samfurin Targa a 1965, mai faffaɗan ƙarfe da ya kewaya saman kawunan mutane, kuma a 1976 Cadillac ta tallata Eldorado a matsayin buɗaɗɗiyar motar Amurka ta ƙarshe. Dokar ba ta zo ba, amma kasuwar ta riga ta kwanta. A watan Fabrairun 1989 ne Mazda ta nuna MX-5 a bajekolin motoci na Cikago: nauyinta bai kai tan ɗaya ba, injinta lita 1.6 ne mai ƙarfin doki wajen 115, babu wani abin al'ajabi a cikinta sai dai cewa tana tashi kowace safiya kamar kowace motar Japan. A watan Afrilun 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Tun daga 1989, tsohuwar hujjar nan ta cewa irin wannan mota ba a dogara da ita ta daina aiki, amma har yau ana maimaita ta.

Zama da wannan mota kuwa, rabinsa zama da rufi ne, kuma a nan ne nake ganin mutane suka fi yin kuskuren zaɓi. Abin da na lura shi ne, yawan buɗe rufi yana bin sauƙin buɗe shi. Idan rufin na hannu ne, mai kama ɗaya a saman gilashin gaba, wanda direba zai ɓalle ya tura baya da hannu ɗaya yana zaune cikin daƙiƙa kaɗan, to zai buɗe shi ko da tafiyar minti biyar ce, kuma zai rufe shi da zarar yayyafi ya fara, ba tare da ya nemi wurin tsayawa na musamman ba. Idan kuwa sai an tsaya cak, an gyara kaya a but, an danna maɓalli an jira, to a hankali mutum yakan daina, har ya wayi gari yana tuƙa rufaffiyar mota mai ƙaramin but da tsadar gyara, wato ya kwashi wahalar ya bar amfanin. Rufin ƙarfe mai naɗuwa tsohuwar dabara ce, Peugeot ta yi shi tun a shekarun 1930, amma Mercedes ce ta mayar da shi yayi da SLK a 1996, mai buɗewa cikin daƙiƙa kusan 25, kuma kamfanoni da yawa suka bi sahu. Yana da kyau a ido, yana rage ƙara, kuma wuƙar ɓarawo ba ta yanka shi. Sai dai yana da nauyi, yana cike da famfo da silinda da na'urorin gane motsi waɗanda kowanne zai iya tsayawa, kuma idan ya naɗe cikin but yake kwanciya. Samfurin Z4 na 2009 mai rufin ƙarfe yana da but na lita 310 idan rufin yana sama, amma ya koma 180 idan an sauke shi. Da BMW ta koma rufin tamfol a samfurin da ta nuna a 2018, but ɗin ya tsaya a lita 281 ko rufin yana sama ko yana ƙasa. Ita ma Mercedes ta mayar da babbar SL ɗinta kan tamfol a 2021. Ga motar kullum, ni a wurina tamfol ya fi, kuma na hannu ya fi na lantarki, saboda abin da babu shi a mota ba ya lalacewa.

Tamfol ɗin ma yana da nasa haƙƙin. Ruwan da ya zubo a kansa ba a ƙasa yake sauka kai tsaye ba, yana bin wasu 'yan magudanai da ke gefen rufin, a bayan kujeru, ya fita ta ƙarƙashin mota. Ganye da ƙura suna toshe su, idan suka toshe kuwa sai ruwan ya koma cikin kafet ya kwanta, daga nan sai wari, sai gilashi ya riƙa yin gumi da safe, sai tsatsa ta fara cin bodi daga ciki inda ido ba ya gani. Yawancin labaran da ake bayarwa na cewa waɗannan motoci suna yoyo, asalinsu magudanar da ba a share ba ce, ko robar gefen gilashi da aka bari ta bushe. Ba a naɗe rufi yana jiƙe a bar shi ya kwana, domin zai yi funfuna. Ba a matsa masa bututun wankin mota mai ƙarfin ruwa a kan ɗinki da bakin roba. Wanda ba shi da rumfa ko gareji ya san cewa rana za ta ci launin tamfol ɗin, kuma wata rana sai an sauya shi dungurungum. Dangane da ɓarayi kuwa, dabarar da masu irin wannan mota suka daɗe da ganowa ita ce kada a bar komai a ciki, ko da jakar da babu komai a cikinta, domin asarar rufin da aka tsaga ta fi ta abin da aka sace. Duk wannan ɗawainiya ce, ban musa ba, amma ɗawainiya ce ta 'yan mintoci a wata, ba ta kai yadda ake kururuta ta ba.

Wani abin da wanda bai taɓa zama da ita ba yake ɗauka shi ne cewa rana ce abokiyarta. Akasin haka ne. Babu lokacin da buɗaɗɗiyar mota ta fi zama azaba kamar tsakar rana mai zafi a cikin cunkoso, ga rana a tsakiyar ka, ga kujera ta ɗau zafi, ga hayaƙin salansar motar gaba yana shiga hanci kai tsaye, ga na'urar sanyaya mota tana aikin banza. A irin wannan lokaci rufewa ake yi, kuma babu abin kunya a ciki. Lokutanta su ne sanyin safiya, da bayan la'asar, da dare, da ranakun da gari ya yi lumshi. Shi ya sa Birtaniya, duk da ruwanta da hazonta, take cikin manyan kasuwannin waɗannan motoci a Turai. Sanyi yana da magani: a ɗaga gilasan gefe, a kunna hita, a kunna ɗumin kujera, sai iska mai ɗumi ta taru a ƙasa ta tsaya. Mercedes har ta sa wata 'yar na'ura a matashin kujerar SLK a 2004, wadda take hura iska mai ɗumi a wuyan direba. Zafi ne ba shi da magani sai rufi, kuma wanda zai riƙa tafiya a buɗe da rana dole ya kula da fatarsa da idonsa, domin iskar da ke kaɗa shi tana ɓoye masa ƙunar ranar har sai ta gama aikinta. Inda ƙura ta yi yawa kuma, to ranakun buɗewa za su ragu ƙwarai, kuma ya kamata mai saye ya lissafa wannan tun kafin ya biya kuɗi.

Ƙara ita ce aibin da na fi ɗauka da muhimmanci, domin ba a jin illarta nan take. A 2009 wani likitan kunne a Ingila ya auna ƙarar da ke isa kunnen direba a cikin buɗaɗɗun motoci daban-daban, a gudun kilomita 80 zuwa 110 da ɗoriya a awa, ya samu a ma'aunin ƙarfin sauti tana tsakanin desibel 88 da 90, wani lokaci har ta kai 99, alhali desibel 85 ne iyakar da ake wajabta kare kunnen ma'aikata a masana'antun ƙasar. Binciken ya kuma nuna cewa ɗaga gilasan gefe kaɗai yana sauke ƙarar zuwa wajen 82. Saboda haka a babbar hanya, inda tireloli ke wucewa gefe da gefe, ni rufewa nake yi, kuma ina ganin wanda ya yi awa uku a buɗe a irin wannan hanya ba daɗi ya ji ba, jurewa ya yi don kada a ce ya rufe. Ko a rufe ma, ƙaramar mota mai rufin tamfol ta fi sauran motoci hayaniya, kuma doguwar tafiya a cikinta tana gajiyar da mutum. Wanda aikinsa ya ƙunshi ɗaruruwan kilomita a babbar hanya kowane mako, wannan ba motarsa ba ce.

Batun kaya an fi yi masa surutu fiye da yadda ya cancanta. But ɗin MX-5 na yanzu lita 130 ne, babu ma aljihun ajiya a gaban fasinja, babu safaya sai kwalbar maganin faci da ɗan famfo. Boxster kuwa, da yake injinta a tsakiya yake, but biyu gare ta, gaba da baya. Mutum yakan koyi amfani da jaka mai laushi maimakon akwati mai tauri, ya koyi sayayya kaɗan-kaɗan, ranar da babban kaya ya taso kuma ya ɗauki hayar motar kaya, abin da bai kai ko kusa da kuɗin ciyar da babbar mota shekara guda ba.

Kujera ta uku ce matsalar gaskiya, kuma a nan ba ni da abin cewa sai sallamawa. Mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Akwai ranar da za a fito daga wurin aiki ana ruwa, abokan aiki biyu suna tsaye, dole ka zaɓi ɗaya ko ka wuce su duka. Akwai dattijon da gwiwarsa ba za ta bar shi ya sauka cikin kujerar da ke gab da ƙasa ba, balle ya tashi daga cikinta. Akwai maras lafiyar da yake bukatar ya kwanta. Ga mai 'ya'ya kuwa maganar ta ƙare, domin ba a ɗora kujerar jariri mai kallon baya a gaban jakar iska mai aiki, wato wadda take kumbura idan an yi karo, kuma ko an kashe jakar, yaro ɗaya kawai za a ɗauka. Wanda ya ce wannan mota ba ta da wani ɓangare na son kai bai faɗi gaskiya ba. Amma akwai mutane masu yawa da wannan bai shafe su ba, ko bai shafe su a wannan lokaci na rayuwarsu ba: wanda bai yi iyali ba, ma'auratan da 'ya'yansu suka girma suka kama gabansu, da gidan da dama akwai babbar mota ɗaya a ciki ana neman ta biyu. A gida mai mota biyu musamman, ban ga dalilin da zai sa duka biyun su zama manya ba.

Hanya ma tana da nata hukuncin. Tsakanin cikin irin wannan mota da ƙasa bai cika wuce santimita 13 ko 14 ba, don haka tudun rage gudu a karkace ake hawansa, rami kuma kewaye shi ake yi, titin da ruwa ya cika kuwa ba a shigarsa ko kaɗan. Ga kuma wani abu da ya shafi ginin motar: rufi yana cikin abin da ke riƙe bodi, idan aka cire shi sai motar ta zama kamar kwalin da aka cire wa murfi, wanda yake murɗewa da zarar an matsa kusurwarsa. Injiniyoyi suna rama wannan da ƙarin ƙarfe a ƙasa da gefuna, kuma motocin da aka zana su a buɗe tun farko sun fi waɗanda aka yanke wa rufi daga baya tauri, amma a hanya mai gargada akan ji sitiyari da gilashin gaba suna ɗan rawa. Wanda hanyarsa ta kullum ta lalace, ya nemi mota mai tsayi, hujjarsa ta tsaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mai bin shimfiɗaɗɗiyar kwalta daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis ya ari wannan hujja.

Saura maganar haɗari, wadda ita ce makamin ƙarshe na masu suka. A 2020 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshorar Amurka suke ɗaukar nauyinta domin binciken haɗuran hanya, ta kwatanta buɗaɗɗun motoci da 'yan uwansu rufaffu na samfuri ɗaya a tsakanin 2014 da 2018, ba ta samu cewa buɗaɗɗun sun fi kashe direbobinsu ba, adadin ma ya ɗan fi ƙasa idan aka auna da nisan tafiya. Abin da ta samu shi ne cewa a cikin direbobin da suka mutu, kashi 21 cikin ɗari na masu buɗaɗɗiyar mota wurgo su waje aka yi, a kan kashi 17 na masu rufaffiya, wanda yake nuna cewa ɗaura bel a wannan mota ba abin sakaci ba ne ko na daƙiƙa ɗaya. Ginshiƙan gilashin gaba an ƙarfafa su, kuma da yawa suna da ƙarafan kariya a bayan kujeru. Tun 1989 Mercedes SL take da wanda yake tashi da kansa cikin kashi uku bisa goma na daƙiƙa idan motar ta fara kifewa.

Rashin rufi, ke nan, ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin da yake ba ni tsoro a kullum shi ne tsayin motocin da ke kewaye da ni. MX-5 gaba ɗayanta tsayinta wajen santimita 123 ne, kuma a Amurka akwai manyan a-kori-kura da bonet ɗinsu kaɗai ya fi haka tsayi, ta yadda direbansu zai iya duba gefensa bai ga komai ba alhali mota sukutum tana wurin. Da dare fitilun jif a daidai idon mai ƙaramar mota suke sauka. Idan kuma aka yi karo tsakanin tan ɗaya da tan biyu da rabi, ba sai an tambayi wanda zai fi jin jiki ba. Daga nan ne mutane suke cewa, ai shi ya sa ya kamata kai ma ka sayi babba. Wannan shawara tana da ma'ana ga mutum ɗaya, amma idan kowa ya bi ta babu wanda ya tsira, sai dai a ƙara girma a sake ƙarawa, kuma wanda zai biya kuɗin wannan gasa shi ne wanda ba ya cikin mota ko kaɗan. Ita dai IIHS ta binciki haɗura kusan 18,000 ta bayyana a 2023 cewa motar da gabanta ya haura mita ɗaya ta fi kashe mai tafiya a ƙafa da kusan kashi 45 cikin ɗari idan aka kwatanta da mai gangararren gaba da bai wuce santimita 76 ba. Yaron da ke tsallaka titi ya fi aminci a gaban motata fiye da a gaban motar mai yi mini nasiha. Birnin Faris ya fara ɗaukar mataki, inda a watan Fabrairun 2024 aka kaɗa ƙuri'ar ninka kuɗin fakin sau uku ga manyan motocin da ke shigowa daga waje, ko da yake waɗanda suka fito zaɓen kaɗan ne. Ko mutum ya yarda da wannan hanya ko bai yarda ba, an dai fara auna mota da abin da take jawo wa wasu, ba da abin da take yi wa mai ita kawai ba, kuma a wannan ma'auni ƙaramar mota ba ta da abin jin kunya.

Akwai kuma wani abu da ake zargin ta da shi wanda na ga akasinsa, wato cewa tana sa ganganci. Mota mai nauyi, mai tsit, mai ƙarfin doki ɗari huɗu, tana ɓoye wa direba gudun da yake yi, sai ya kai 140 yana jin kamar a falo yake zaune. Wanda yake gab da kwalta, iska tana dukansa, yana jin kowane canjin giya, kilomita 70 a awa ma gudu ne a wurinsa, kuma daɗin da yake nema yana samunsa a cikin kwana da kan shataletale ba tare da ya karya doka ba. Ga shi kuma a fili yake. Mutumin da ake ganin fuskarsa, ake jin abin da yake faɗa, wanda mai keke zai iya juyowa ya yi masa magana a danja, ba ya cika yin rashin mutuncin da mutane suke yi a bayan baƙin gilashi. Yana jin kukan motar asibiti tun daga nesa, yana jin babur kafin ya gan shi a madubi. Ban ce babu 'yan ganganci a cikin masu irin wannan mota ba, akwai su, amma halinsu suka zo da shi.

Waɗanda na fi tausayawa su ne masu bin shawarar jama'a su saye ta su ajiye. Mota ba ta son zama: batir yana mutuwa, tayoyi suna tauri, robobi suna bushewa, birki yana kamawa, tamfol yana karyewa a wurin naɗi, ga inshora da takardu na mota biyu ana biya. Sannan ranakun hutun da aka tanade ta dominsu, rabinsu ruwa ko zafi ko wata hidima takan cinye su. Wanda yake hawanta kullum shi ne yake cin moriyar safiyar da gari ya yi daɗi ba zato, domin safiyar ta same shi a cikinta, kuma tafiyar da dama dole ya yi ta ce.

Abin takaici shi ne zaɓin yana ƙara ƙuntata. Honda ta daina S2000 a 2009, Mercedes ta rufe babin SLC, magajiyar SLK, a 2020, Audi ta tsayar da TT a 2023, kuma masu lantarki da suka fara fitowa batir ya yi musu nauyi, domin MG Cyberster tana gab da tan biyu, wato ta rasa babbar hujjar da na kafa a kanta tun farko. Saboda haka yawancin masu sha'awa ta hannu za su saya. Wanda zai yi haka kada ya tsaya kan sheƙin fenti da ƙarar injin. Ya buɗe rufin ya rufe shi sau da yawa yana sauraro, ya sa a zuba ruwa a kansa yana zaune a ciki, ya tura hannu ƙarƙashin kafet a bayan kujeru ya ji ko da danshi, sannan ya sa bakanike ya ɗaga motar a duba ƙasan ƙofofi da gaban tayoyin baya, domin a nan ne ruwan magudanar da ta toshe yake taruwa, kuma gyaran tsatsar wurin yakan fi sabon rufi tsada.